Matsafiyar gidan burodi ko matsafiyar titin birni: da wanne littafin bincike za ka fara?

Tun farkon shekarun 2000 wani rukunin ƙagaggun labarai ya yi kasuwa a Amurka, ya bazu zuwa duk inda ake karatun Turanci: labarin kisan kai wanda mai bin sawun makashin mace ce matsafiya. Ba mai kama kurwa ba ce, ba kuma irin bokanyar da kishiya ke lallaɓawa wurinta da tsakar dare a littattafanmu na soyayya ba. Ita ce tauraruwa, ita marubuci yake so ka so, ita ke tsamo wanda aka yi wa ƙazafi daga hannun 'yan sanda. Wanda ya ci karo da waɗannan littattafai a Kindle, manhajar karatun littattafai ta Amazon, ko a tulin tsofaffin littattafai zai ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Alhali gida biyu ne da ba su haɗa komai ba sai tsafi da gawa, kuma a ganina yawancin masu cewa sun yi asarar kuɗinsu, gidan da bai dace da su ba suka shiga.

Gida na farko mai sanyi ne. Kakarsa ita ce Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwar nan mai saƙa ta ƙauyen St Mary Mead, wadda littafinta na farko ya fito a 1930. Tsarin bai canza ba har yau: ƙaramin wuri da kowa ya san kowa, mai binciken ba 'yar sanda ba ce, ana yin kisan a bayan fage, ba a zuba maka jini a ido, ba batsa, ba ashar mai nauyi. Kyautar Agatha ta labaran bincike da ake bayarwa a Amurka tun 1989 irin wannan sharaɗin take bi. Abin da marubutan zamani suka ƙara shi ne ba wa matar wata baiwa ta ɓoye, da sana'a mai ƙamshi.

Dubi Katie Lightfoot ta Bailey Cates, a littafin Brownies and Broomsticks na 2012. Ta baro Ohio ta zo birnin Savannah na jihar Jojiya don ta taya innarta Lucy da mijinta Ben buɗe gidan burodi. Tana tsaye a bakin murhu ta lura innar tana barbaɗa ganyaye a ƙullun kek tana motsa leɓe, sai daga baya ta gane cewa matan da ke taruwa da sunan ƙungiyar karatu duk matsafa ne, ita ma jinin ne a jikinta. Aka kashe wata mata mai baƙin hali a ƙofar shagon, zargi ya faɗa kan Ben. Daga nan Katie ta shiga tambaye-tambaye, da faranti a hannu. A ƙarshen littafin har da yadda ake haɗa kek ɗin da aka ci a labarin. Wannan shi ne ɗanɗanon gidan gaba ɗaya: kana bin sawun makashi, amma hankalinka kwance, ka san shagon zai buɗe gobe da safe.

Gida na biyu mai zafi ne, kuma babu wadda ta fi wakiltarsa irin Rachel Morgan ta Kim Harrison, wadda ta fara bayyana a Dead Witch Walking a 2004. A nan duniyar ce aka sake ginawa. Wata ƙwayar cuta da ta bi ta tumatirin da aka sauya wa halitta ta hallaka ɗimbin 'yan Adam, sai matsafa da mashaya jini da masu rikiɗa su koma kyarkeci, waɗanda cutar ba ta ci ba, suka fito fili suka zauna tare da sauran jama'a. Rachel ma'aikaciyar hukumar tsaro ce ta waɗannan halittu a birnin Cincinnati. Ta ajiye aiki, hukumar ta sa a kashe ta, ta koma zama a tsohuwar majami'a tare da Ivy mashayiyar jini da Jenks, ɗan mitsitsin aljani mai fukafukai da kaifin baki. Hanyar tsira ɗaya ta rage mata: ta samo hujja a kan Trent Kalamack, attajiri kuma ɗan majalisar birnin, wanda take zargi da fataucin haramtattun ƙwayoyi. Ta rikiɗa ta zama wata ƙaramar dabba don ta shiga ofishinsa, aka kama ta aka jefa a keji, har aka kai ta filin da ake haɗa ɓeraye faɗa ana caca.

Bambancin farko ya fito ke nan, kuma shi ne wanda masu saye suka fi tuntuɓe a kansa. A wurin Katie tambayar ita ce wa ya yi kisan. A wurin Rachel tun da wuri ka san mugun, abin jira shi ne ko za ta kai labari. Mai son ya zauna da fensir yana jera waɗanda ake zargi zai ji littafin Harrison ya hana shi abin da ya zo nema. Mai son bugun zuciya kuma zai kai shafi na 100 a littafin Cates yana tambayar yaushe za a daina shan shayi.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe, domin a nan ake gane littafi mai kyau a kowane gida. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin labaran bincike ne, ya jera ƙa'idoji 10 na wannan fanni. Ta biyu ta haramta shigo da duk wani abu na gaibu cikin warware laifi. Dalilinsa a fili yake. Labarin bincike amana ce tsakanin marubuci da mai karatu: duk alamar da mai binciken ya gani, kai ma an nuna maka, saura hankali. Idan matar za ta iya kiran fatalwar mamaci ta ce wa ya kashe ka, labari ya ƙare a shafi na 20. Idan kuma sai a babin ƙarshe wani wahayi ya sauko mata da sunan makashin, an ci amanarka. Wannan ne ƙorafin da ya fi ciwo a bakin masu karatun da suka taso da Christie, kuma suna da gaskiya.

Marubutan da suka san aikinsu ba su yi watsi da Knox ba, katanga suka gina wa tsafin. Tun a shekarun 1960 Randall Garrett ya nuna hanyar a Too Many Magicians, inda aka kashe matsafi a ɗaki kulle ana tsakiyar taron matsafa a Landan: tsafi a can aikin ɗakin gwaji yake yi, ya faɗa maka abu kaza ya taɓa abu kaza, amma haɗa zaren aikin ƙwaƙwalwa ne. Matsafan mata na yanzu kowacce da irin katangarta. Darcy Merriweather ta Heather Blake, a It Takes a Witch na 2012, tana cika wa mutane buri idan suka furta shi da zuciya ɗaya, amma ba ta iya cika nata, kuma in ta tona asirin baiwarta ga wanda ba nasu ba, ta rasa ta. Ka ga ba ta da ikon cewa ina ma in san makashin, sai dai ta fita ta yi tambaya kamar kowa. Bay Winchester ta Amanda M. Lee, 'yar jarida a wani ƙaramin gari na jihar Michigan, tana ganin fatalwa tana magana da su. A irin wannan labari dabarar da aka saba ita ce mamacin bai tuna sa'ar mutuwarsa ba, ko bai ga fuskar wanda ya far masa ba. Dabara ce mai aiki sau ɗaya ko biyu, amma in aka maimaita ta littafi bayan littafi sai mai karatu ya fara ganin hannun marubuci a ciki.

Wadda ta fi burge ni a wannan fanni ita ce Lily Ivory ta Juliet Blackwell, daga Secondhand Spirits na 2009. Shagon gwanjo take da shi a unguwar Haight-Ashbury ta San Francisco, na tsofaffin riguna masu daraja. Baiwarta a tafin hannu take: in ta shafa riga sai ta ji abin da mai ita ta bari a jikin yadin, farin ciki ne ko tsoro ko baƙin ciki. Ka lura da kyau, rigar ba ta faɗar suna. Tana cewa an yi kuka a cikina, shi ke nan. Wace ce ta yi kukan, me ya sa ta, wa ya sa ta, duk wannan sai Lily ta bi gida-gida. Tsafin yana buɗe tambaya maimakon ya rufe ta, kuma wannan ne ma'aunin da nake ba duk mai son ya gwada littafi kafin ya saya: karanta shafukan farko da Kindle ke bayarwa kyauta, ka duba ko an faɗa maka abin da matar ba za ta iya ba. In an faɗa, marubucin yana shirin yi maka adalci.

A gidan Harrison katangar wata iri ce, ita ce farashi. Layar da Rachel ta dafa ba ta tashi sai an ɗiga mata jini daga yatsa, ruwan gishiri kuma yana karya ta. Baƙin tsafi yana barin dauɗa a ruhin mai yin sa. Tun a littafin farko ta ci bashin wani shaiɗani, ya bar mata tambari a jiki, kuma bashin nan ya bi ta littattafai da yawa. Saboda haka duk lokacin da ta miƙa hannu ga ƙarfin da ya fi nata, gabanka yana faɗuwa, don ka san za a biya. Ta wannan fuska littafin mai zafi ya fi yawancin masu sanyi gaskiya. A gidan sanyi sau da yawa tsafi kyauta ne, ganye da kyandir da kyakkyawar niyya, babu abin da ke biyo baya.

Abin da masu karatu ke yabawa da kushewa ya rabu daidai da gidajen. Masoya gidan sanyi, in ka saurare su, ba makashin suke tunawa ba. Mutanen gari suke tunawa: innar da ba ta jin magana, ƙawayen shago, dabbar da ke rakiyar matsafiyar. A littattafan Lee, goggo Tillie, tsohuwa mai tsinuwa da rigima, ta kusa ƙwace labarin daga hannun Bay, kuma cacar bakin da dangin ke yi a teburin cin abinci ita ce abin da wasu ke dawowa dominsa, ita ce kuma abin da ke korar wasu. Ƙorafe-ƙorafen sanannu ne. Samari biyu suna neman tauraruwa, ita kuma ta kasa zaɓa har littafi nawa, kamar yadda Katie ta yi tsakanin ɗan jarida da ma'aikacin kashe gobara. Saurayi ko aboki ɗan sanda da kullum yake cewa ki cire hannunki, kullum kuma yana tsegunta mata sirrin bincike. Tauraruwar da ta gane makashi sannan ta tafi wurinsa ita kaɗai da dare ba ta gaya wa kowa ba. Sai kuma ƙaramin gari da ake tsintar gawa a cikinsa duk bayan 'yan watanni, amma ba wanda ya yi ƙaura. Wanda waɗannan za su hana shi barci, ya san da su tun yanzu, domin kusan babu jerin da ya kuɓuta daga biyu a cikinsu.

Masu karatun Harrison nasu kukan daban ne. Da yawa suna cewa littafin farko yana jan ƙafa saboda sai an bayyana sabuwar duniya, kuma Rachel tana da gaggawa, tana faɗawa rami da ƙafarta sannan abokai su ciro ta. Amma waɗanda suka jure suna shaƙuwa da mutanen labarin shaƙuwar da gidan sanyi ba ya iya haifarwa, saboda a nan ana rasa mutum da gaske. A littafi na biyar, wanda ya fito a 2007, marubuciyar ta kashe wani da masu karatu ke ƙauna ƙwarai, kuma har yau masoyan jerin ba su daina maganar ba. A gidan burodin Katie ba za a yi maka haka ba, alƙawarin gidan ke nan: wanda ya mutu baƙo ne ko mai baƙin hali, naka suna nan lafiya.

Akwai maganar da mai karatu Musulmi ko Kirista mai riƙo ba zai tsallake ba, kuma ba na son in wuce ta da gudu. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu hallakarwa a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, ana ambatonsa nan da nan bayan shirka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da labarin da matsafiya ce gwarzuwa ba, ya bar rukunin gaba ɗaya, Miss Marple tana nan ba ta taɓa kunna kyandir don kowa ba. Ga wanda ya ɗauke shi ƙage kamar tatsuniyar dodo kuwa, akwai abin lura da ba kowa ke faɗa ba. Ta fuskar kunya, gidan sanyi ya fi tsabta nesa ba kusa ba: sumba ce iyaka, sai a rufe ƙofa. Littattafan Harrison na manya ne, akwai jini, akwai zagi, akwai shimfiɗa, kuma shan jini a can haɗe yake da sha'awa, har tsakanin Rachel da Ivy. Ba littafin da za ka bari a falo yara su ɗauka ba ne. Amma ta fuskar aƙida lamarin ya juye. Duniyar Rachel ƙarya ce tsagwaronta, ba wanda zai rikiɗa ya koma dabba don ya karanta ta, kuma shaiɗanun cikinta abin tsoro ne. Tsafin gidan sanyi kuwa ya fi kusa da abin da wasu mutane ke yi da gaske a Amurka da Turai, wato addinin Wicca da Gerald Gardner ya fito da shi fili a Ingila bayan an soke dokar hana maita a 1951: da'irar mata, kyandir, katin duba, kiran allahiya, da aƙidar cewa abin da ka aika zai dawo maka ninki uku. Abokiyar shagon Lily mabiyar wannan addini ce, ƙungiyar Katie ma da ƙa'idar ninki ukun take aiki. An kuma lulluɓe shi da ƙamshin kirfa har ya zama abin sha'awa. Iyayen da ke zaɓa wa 'yarsu matashiya littafi don ta ƙara Turanci su san cewa wanda ya fi tsabta a ido shi ne ya fi buƙatar a zauna a tattauna. Ƙaramin abu kuma: dabbar rakiyar Lily wani ɗan dodo ne mai suna Oscar, wanda a gaban mutane yake rikiɗa ya zama ɗan alade. Akwai wanda wannan kaɗai zai sa ya ajiye littafin.

Wani abu guda yana ratsa gidan sanyi wanda nake ganin ya cancanci girmamawa. Kusan kullum labarin yana farawa ne da zargin wanda bai ji ba bai gani ba, kuma matar da ta tashi kare shi ita kanta ta san ɗacin a nuna ka da yatsa. An kori Lily daga garinsu a Texas tun tana yarinya saboda ana tsoronta. Blake kuwa ta dasa ƙauyen Darcy a Salem ta jihar Massachusetts, garin da a 1692 aka rataye mutum 19 bisa zargin maita, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake taruwa a kan tsohuwa a unguwa don yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta, zai gane me ya sa marubutan nan suka mai da wadda ake zargi ta zama mai neman hujja.

Sauran lissafin gajere ne. Littattafan sanyi kusan shafi 300 ne, Turancinsu mai sauƙi, zance ya fi yawa, kuma kowanne yana rufe shari'arsa, don haka in na huɗu ka samu a wurin mai tsofaffin littattafai, saye shi, abin da za ka rasa bai wuce sanin wa take so yanzu ba. Na Harrison sun haura shafi 400, cike da kalmomin da ita ta ƙirƙira da karin maganar titin Amurka, kuma dole a bi su a jere. Littafi 13 ne daga 2004 zuwa 2014, sannan ta dawo ta ci gaba a 2020. Wanda ya fara daga tsakiya zai ɓata.

In bin sawu da wasa ƙwaƙwalwa ne ya kawo ka, fara da Heather Blake, don dokokinta a bayyane suke kuma binciken na tambaya da lura ne. In hutu kake nema bayan gajiyar aiki, Bailey Cates. In dariya da rigimar dangi, Amanda M. Lee, amma ka huta tsakanin littafi da littafi, don a jere cacar bakin tana gundura. In kai mai son fim ɗin faɗa ne, kana da Turanci mai ƙarfi da haƙurin dogon zango, kuma abin da na faɗa na shimfiɗa da jini bai dame ka ba, Kim Harrison za ta riƙe ka shekara guda. Wanda kuma bai san inda ya dosa ba, ni Juliet Blackwell zan miƙa masa. Tana da shago da ƙawaye irin na gidan sanyi, amma littafinta na farko ya taɓo La Llorona, fatalwar matar nan ta tatsuniyar Meziko mai kuka a bakin ruwa tana ɗauke yara, kuma akwai yarinyar da ta ɓace da gaske a labarin. In ka gama shi ka ji tsoron ne ya fi maka daɗi, wuce Cincinnati wurin Rachel. In shagon ne ka yi kewa, Savannah da Salem suna jiranka.